Katin Baba a Cikin Gilashi

Na ɗaga 'yar jar tutata, baƙi arba'in suka biyo ni ɗuu.

"Nan ne sashen niƙa," na ce ta lasifikar da ke rataye a wuyana. "Rabin murahun narka ƙarfe na ƙasar nan, da tubalin da aka niƙa dutsensa a ɗakin nan aka gina su."

Shekara shida ina faɗin maganar nan, sau huɗu a yini, kuma ba yabon kai ba, babu mai rakiyar baƙi a garin nan da ta kai ni iya baki. An shafe wurin da fenti, daɓen na sheƙi, kiɗa mai taushi na tashi. Ni kuwa da na sha kawo wa Baba abincin rana ina yarinya, ban taɓa hango bangon ƙarshen ɗakin ba saboda farar ƙura.

A tsakiya akwai dogon akwatin gilashi, cikinsa katunan aiki ɗari biyu da sha biyu, kowanne da hoto da suna da jan hatimin masana'anta. Na bakwai a layi na uku na mahaifina ne, Geng Fulai. Da aka rufe masana'antar aka mayar da ita gidan tarihi, garinmu ya koma sayar da tarihinsa ga masu yawon buɗe ido, sai aka nemi tsofaffin ma'aikata su kawo abin tunawa. Har layi suka yi. Baba ya yi aski, ya miƙa katinsa da hannu biyu, aka ba shi tawul da takardar godiya.

* * *

"Da hannu biyu fa, kamar mai miƙa wa surukai shayi," in ji Kawu Dou, abokin Baba tun suna samari. Kullum da hantsi yana gidanmu, shi ya zo tsokana, Baba na kurɓar kunun gero.

"Kai da ƙafa ka miƙa naka?" Baba ya ce. "Yana nan kusa da nawa, da kunnuwan nan naka kamar marfin tukunya."

Suka fashe da dariya, dariyar ta zama tari, na tsaya da buta a hannu ina jira su gama. Gidanmu a hawa na uku yake, sau huɗu Baba ke hutawa kafin ya iso ƙofa.

Likita ya ga hoton ƙirjinsa, ya ce huhun ya kusa zama dutse. Amma ofishin tantance ciwon aiki ba zai sa hannu ba sai ya ga shaidar cewa Baba ya yi aiki cikin ƙura. In babu sa hannun, babu magani kyauta, babu injin numfashi. Masana'antar ta mutu, takardunta kuma tuni aka auna su a sikeli aka sayar wa masu gwangwan. Na kai hoton katin a wayata, matar da ke bayan taga ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce na asali suke so, mai jan hatimi.

"Shulan, bar shi kawai," Baba ya ce. "Abin da mutum ya bayar kyauta ba ya komawa roƙonsa."

"Ai ba kai za ka roƙa ba. Sha kununka."

* * *

Shugaba Tong, mai kula da gidan tarihin, ya saurare ni yana hura ganyen shayi a kofinsa. Ba mugu ba ne. Uwarsa ma a ɗakin girkin masana'antar ta tsufa.

"'Yar Geng, abin da ya shiga gilashi ya zama dukiyar gari."

"Aro nake nema, Shugaba. Kwana ɗaya."

"In na ba ki yau, gobe tsofaffi ɗari biyu ne a bakin ƙofa suna tari. Ranar Alhamis masu ba wa wuraren yawon buɗe ido taurarin daraja za su zo daga lardi. In muka samu huɗu, motocin baƙi za su ninka. Masu otal, masu taliya, ke kanki, kowa zai ci. Ki yi haƙuri zuwa bazara."

"Likita ya ce kada mu dogara da bazara."

Ya dubi agogonsa. Na fito raina na tafasa, amma kafin in kai ƙasan bene na huce, domin na san lagonsa. Shugaba Tong zai iya jure yunwa da ƙishi, ba zai iya jure kunya gaban baƙo ba. A garinmu kuma, abin da ka miƙa wa dattijo da hannu biyu a idon jama'a, ba ka da bakin cewa ya dawo da shi.

Shawo kan Baba ya fi komai wuya. Kwana biyu yana cewa shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne. Ranar Alhamis da safe na tarar ya fito da shuɗiyar rigar aikinsa daga ƙasan akwati, yana goge maɓallanta.

* * *

Su biyar suka zo, shugabarsu wata mace mai furfura, Malama Pei. Shugaba Tong na gefenta yana murmushi tun daga ƙofa. Na bi da su ta murhun gasa tubali da tsohon layin dogo, bakina kamar an shafa masa mai. Da muka shiga sashen niƙa, ga Baba tsaye gaban gilashin, ya miƙe ƙyam.

Na ga murmushin Shugaba ya daskare.

"Manyan baƙi," na ce, "Shugabanmu ya tanadar muku abin da babu a ko'ina. Ku dubi kati na bakwai a layi na uku, sannan ku dubi dattijon nan."

Malama Pei ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. "Shi ne kuwa. Shekara nawa ka yi a nan, Baba?"

"Ashirin da shida, ranki ya daɗe."

"Shugaba Tong, wannan dabara ta yi. A fito da katin mana, mu ɗauke shi hoto da abinsa."

Babu yadda ya iya. Ya laluba aljihu, ya zaro makulli. Ya ɗauko katin, kuma da yake idanun mutum biyar na kansa, ya miƙa da hannu biyu har da rusunawa. Wayoyi suka ɗaga.

Baba ya karɓa, ya daɗe yana kallon saurayin da ke cikin hoton. Sannan ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Na gode, Shugaba. Ban zaci za ku dawo mini da shi ba." Ya zura shi a aljihun ƙirji, ya ɓalle maɓalli.

Malama Pei ta fara tafi, sauran suka bi. Shugaba Tong ma ya tafa, yana kallona kamar ya haɗiye ni. Ban sunkuyar da kai ba.

Sai tarin ya zo. Ya turnuƙe Baba har ya dafa gilashin, kiɗan nan mai taushi na ta yi.

"Sanyi ne ya kama ka, Baba?" Malama Pei ta tambaya.

"Tsarabar ɗakin nan ce," ya ce bayan ya samu numfashi. "Duk wanda ke cikin gilashin nan ya samu tasa."

Malama Pei ta ɗan gyaɗa kai, ta rubuta wani abu ko ta yi kamar ta rubuta, sannan ta tambayi ina shagon tsaraba yake.

* * *

Gidan tarihi ya samu taurarinsa huɗu. Ni aka karɓe lasifikata, aka tura ni filin ajiye motoci, inda nake kaɗa wa direbobi tutar da a da nake kaɗa wa baƙi. Ofishin tantancewa ya sa hannu cikin wata guda. Yanzu injin numfashi na gurnani a gefen gadon Baba, har yana iya kai ƙarshen labari bai tsaya ba. Da za a maimaita, haka zan sake yi, ko gezau.

Abin da ban lissafa ba shi ne sauran ɗari biyu da sha ɗaya.

Wata safiya na hango Kawu Dou yana tahowa a hankali tsakanin motocin, sanye da tasa shuɗiyar rigar, ya yi sabon aski.

"'Yata, tsohon nan ya ce in zo ki nuna mini yadda ake yi," ya ce yana haki. "Na iya rusunawa, kar ki damu."

Na bar tutar, na saya masa tikiti, na riƙe hannunsa muka shiga. Tun daga nesa na ga gilashin ya canza. An kwashe katunan kaf. A madadinsu an jera ƙananan tubala irin na shagon tsaraba, kowanne ɗaure da jan zare, ga 'yar takarda a gefe wai an kai kayan tarihi ajiya don gyara. Kunya ta rufe ni, na kasa dubansa.

Kawu Dou ya sunkuya, ya bi layi na uku da yatsa, ya ƙirga zuwa na takwas, ya tsaya yana kallon tubalin da ke wurin. Numfashinsa ya yi 'yar rima a jikin gilashin.

Mai shara ta matso da tsummanta, ta jira ya ɗaga, ta goge.