Ilarie Bahago

Veturia ta tura ƙofar rumfar Octav da sandarta, sai ga mahaifinta tsaye a tsakar ɗaki, an gina shi da yumɓu, goge a kafaɗar dama, bakan gogen a hannun hagu. Washegari za a zuba shi da tagulla, a kafa shi a dandalin gari.

"Inna Veturia! Kin zo gaida tsohon naki?" in ji Octav, maginin, yana share hannu a riga.

"Na zo ka juya shi. Babana ba bahago ba ne."

Octav ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Inna! Ilarie Bahagon? Tun muna firamare muke ganinsa a littafi. Har masana sun zo daga birnin Cluj, sun ce hannun hagun nan ne ya sa kiɗansa ya fita daban."

Ya nuna mata hoton da ke manne a bango. Ko a duhu ta san shi, aikin marigayi mijinta Simion ne. Simion yana saurayi, yana neman aurenta, ya ari hoto ɗaya tilo na mahaifinta da bai daɗe da rasuwa ba, ya sassaƙa shi a allon tagulla don a buga shi a takarda. Rawar kan sabon shiga ta mantar da shi cewa abin da aka buga daga allo a juye yake fitowa. Ya kawo mata bugun farko, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, yana haki kamar wanda ya yi tsere. Ta ga kuskuren nan take. Amma wa zai kashe wa saurayi irin wannan murna? Ta ce ya yi kyau.

Daga nan hoto ya yi ƙafa. Ya shiga kalanda, ya shiga littafin makaranta, ya hau kwalaben barasa. Na asalin ya ɓace lokacin da suka koma gidan bene, waɗanda suka taɓa rawa a gaban Ilarie kuma ƙasa ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Kullum tana cewa za ta gyara maganar, kullum tana tausayin Simion. Yau ga shi babu Simion, shirun kuma ya zame mata ciwo.

Octav ya lura idonta ya kawo ruwa, ya daina dariya, ya jawo mata kujera.

"To Inna, ke kaɗai kika rage da kika gan shi. Rufe ido ki faɗa mini yadda yake tsayuwa. In kin tabbatar, na rantse yau zan rushe hannuwan nan, magajin gari ya yi ta faɗansa."

Ta rufe ido. Ta ji ƙamshin tabar mahaifinta. Ta ji kiɗan wani biki a gindin itatuwa, takalma na dukan ƙasa. A cikin tunanin ta ɗaga kai ta dube shi, sai ya fito mata baƙi da fari, fuskarsa duk siraran layuka, baka a hannun hagu. Ta sake matse ido, ta neme shi a bakin murhu, ta neme shi a ƙofar coci. Ko'ina hoton da Simion ya buga ne ke kallonta.

"Yaya, Inna?"

Ta lalubi sandarta ta miƙe a hankali.

"Bar shi yadda yake, ɗana," ta ce. "Ni ma wannan kaɗai nake da shi."