Awon Nonon Akuyar Baiwa

Baiwa ta ɗaga ƙayar shingen da sanda, ta tura akuyar ciki da gwiwa. Rana ta take tsaka, lokacin da Nasaran gona yake barci. Jikarta Sa'a, da ke goye a bayanta, ta daina kuka tun hantsi, kuma shirun nan ne ya fito da tsohuwar daga gida. Uwar jaririyar ta rasu wajen haihuwa. Nonon akuyar ne ya riƙe ta, ga shi tun da fara ta cinye ƙasar Matameye hantsar take ƙafewa.

Cikin shingen kuwa kore shar. Wani wake ne mai yaɗo da Nasaran ya kawo, wai ba na mutane ba ne, ana gwada shi a gani ko zai ciyar da dabbobi da rani. 'Yan aikin tilas ke ɗebo masa ruwan rijiya. Dabba dai ba ta taɓa ɗanɗana shi ba, gwajin bai kai nan ba tukuna.

"Gwaggo! Kashe ni za ki yi?" Manu ne, ɗan ƙanenta, gardi mai tsaron gonar, ya taho yana tuntuɓe.

"Kai da kake da ƙiba? Matsa, ka tare mata ganye."

"Wallahi bulala ce, ni da ke!"

"Bayana akwai mutum. A yi a naka."

Hayaniyar ta ta da Nasaran. Ya fito ba hula, fuska jajir. Baiwa ta dafe goyonta tana jiran bulala. Sai mutumin ya tsuguna yana kallon bakin akuyar, har da dariya. Ya yi magana mai tsawo da yarensa.

Manu ya sunkuyar da kai. "Ya ce ta ci, abin da yake son gani ke nan. Akuyar ta zama ta gwaji, nan za ta zauna. Safe da yamma a tatse ta cikin kwalbarsa mai zane, a auna."

"Gaya masa nonon yana da mai shi."

"Na gaya masa, Gwaggo. Ya ce in aka taɓa ko ɗigo, awon ya lalace."

Baiwa ta laluba ƙafar jaririyar. Da sauran ɗumi.

"To gaya masa ba ta tsaya wa kowa sai ni."

Ƙarya ce, akuyar nan ko makaho ya tatse ta. Amma haka Baiwa ta shigar da kanta aikin da ƙarti ke tsallaka iyaka su gudar masa.

Da la'asar hantsar ta ɗan sauko. Baiwa ta durƙusa, ta juyo da Sa'a gaba, ta yafa zane ya rufe su. Ta matsa nonon akuyar a bakin yarinyar. Shiru. Ta sake matsawa. Can ta ji ɗan harshe ya motsa, maƙogwaro ya haɗiye. Manu ya juya baya, ya duƙufa gyaran shingen da ba abin da ya same shi.

Abin da ya rage ko gindin kwalbar bai rufe ba. Nasaran ya ɗaga ta, ya girgiza kai, ya ɗora farce a kan wani zane can sama.

"Ya ce in nonon bai kai nan ba kafin damina, waken banza ne. Za a tuge shi, a kori akuyar."

Baiwa ta dubi zanen. In ta cika kwalbar, ba Sa'a. In ba ta cika ba, ba waken. Amma damina ai da ciyawarta take zuwa.

"Ka ce masa akuyar mai nawa ce, ba ta saurin kawo nono. Ya yi ta haƙuri har ruwa ya sauka."

Har yau masu ilimin noma in an taɓo waken nan sukan ce an gwada shi a Matameye tun zamanin Nasara, ba ya kawo nono. Sa'a, da ta ga jikokinta, ba ta taɓa yi musu gardama ba.