Jajibirin Alhamis

Kafin baƙuwar ta kai kofin ruwa bakinta, sai da ta ɗiga kaɗan a ƙasa. Nasiba ce kaɗai ta gani, don ita ta miƙa mata ruwan. A Babankatami an daɗe da barin wannan, sai dai a ji labarinsa wajen tsofaffi, a ce aikin gidajen azna ne na da, masu bautar gargajiya.

Ranar sadakar bakwai ce ta kakar Nasiba, Inna Takawa, gida ya cika har soro. Inna ce mai wankan gawar mata a unguwar, ita ke tashin maƙwabta sahur da bugun turmi, kuma ba a taɓa haihuwa a layin ba tare da ta kai kunu ba. Kowace mace ta shigo sai ta durƙusa gaban tabarmar 'ya'yan gida, inda mahaifiyar Nasiba, Hindatu, ke zaune, ta ce ya haƙuri, sannan ta kawo nata labarin alherin Inna.

Baƙuwar ba ta durƙusa ba, ba ta kuma ce wa kowa ya haƙuri ba. Dattijuwa ce, ta girmi Hindatu nesa. Ta samu gindin rumbu ta zauna, idonta a kan tabarmar.

Hindatu ta yafito Nasiba.

"Waccan ta gindin rumbu, wa ya kawo ta?"

"Ita ɗai taz zo, Mama."

"Ki sa mata ido. Rana irin wagga ba kowa ka zuwa don Allah ba. Kuma ki ruhe ɗakin Inna."

Nasiba ta rufe ɗakin. Ita ba mai son magana da baƙi ba ce, ko a jami'a can Tawa baya take zama. Amma ta ɗibi gumba a faifai ta kai, ta tsuguna nesa kaɗan.

"Iya, daga ina?"

"Garhanga."

"Kin san Inna ne?"

"Na san ta." Matar ta juya gumbar a hannu. "Ta sha wuya kahin ta cika?"

"A'a, kan sallaya munka iske ta. Mi sunanki, in gaya ma Mama?"

"Laraba."

Nasiba ta ɗago ta dube ta. Tun tasowarta ba ta taɓa jin Inna ta faɗi wannan kalma ba. Idan za ta ambaci ranar, sai ta ce jajibirin Alhamis. Jikoki sun sha tsokanarta, su ce tsohuwa, jiya Talata, yau mi? Ita kuma ta kai musu duka da mafici, ta ce yau ranar da za ku ci gidanku. Duk sun ɗauka rigimar tsufa ce. Ga kuma wani abu: mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kunya ke hana ta har ta mutu. Kowa ya san Hindatu ce 'yar farin Inna, amma Inna na tsayawa tsakar gida ta kwaɗa mata kira da sunanta, har maƙwabta su ji.

Sai dai kuma duk wanda ya taɓa zama da Inna zai iya lura da wannan, ya ɗauki sunan ya zo da shi. Nasiba ta dubi fuskar matar tana neman kama da Inna. Wani lokaci ta ga kamar akwai, a haɓa. Wani lokaci babu.

Ta koma ta raɗa wa uwarta sunan. Hindatu ba ta tambayi wace Laraba ba. Ba ta ma waiga ba, carbinta kawai ya tsaya.

"Mama, shi ya sa ba ta yi gaisuwa ba. Jira takai a yi mata."

"Karatunki ya gaya miki haka?"

"Inna ta taɓa aure Garhanga?"

"Uwata ta yi shekara da shekaru tana wanke matan garin ga, liman da kainai ya yi mata shaida. Ba yau za a zo a jingina mata gidan masu zuba ma ƙasa ruwa ba."

Ga shi kuwa Nasiba ba ta taɓa gaya mata zancen ruwan ba. Ta dubi uwarta, uwar ta kau da kai.

A hankali Nasiba ta matsa gefe, ta bar wurin mutum ɗaya a tabarmar, ta ɗaga ido wajen rumbu. Laraba ta gani. Har ta dafa ƙasa ta miƙe, ta yo taku biyu. Sai Hindatu ta jawo kwaryar goro ta ajiye a wurin, ta ɗaga murya tana amsa gaisuwar wasu mata da suka shigo daga Azarori.

Laraba ta ɗan tsaya. Ta gyara mayafinta, ta bi ta bayan masu dakan gumba, ta fice.