Huji a Randar Inna Dela

Gidansu Naja'atu a Gwarzo ba shi da ƙasa. Tun da Baba ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti, ko ciyawa ba ta ƙara fitowa ba. Gonarsu tana can Lakwaya, sai damina ake zuwa. Da rani kuwa ganyen miya sai na kasuwa, wanda yake isowa a yamushe.

Naja'atu ta gama sakandare tana jiran sakamako. Ba ta iya surutu ba, in aka yi baƙi ɗaki take shigewa. A wani littafin noma da malamarsu ta ara mata ta ga yadda ake kiwon kifi da shuka a ruwa ɗaya. Ruwan da kifi ya ɓata ya gangara cikin tsakuwa, saiwar ganye ta shanye dattin ya zama mata taki, ruwan ya tace ya koma wa kifi. Ba a neman ƙasa, ruwan ma ba a zubarwa. Ta karanta shafin har takardar ta yi laushi.

Ta samu tsohon baho ta cika da tsakuwa. Baba ya kawo mata ɗan injin tura ruwa mai aiki da hasken rana, yana dariya yana cewa a ajiye masa kan kifi. Abin zuba kifin ne kawai babu.

A lungun bayan ɗakin Inna Dela, kakarta ta wajen uba, akwai wata babbar randa a kife a kan katako. Tun tasowar Naja'atu a kife take. Ta ɗauka an daina amfani da ita ne tun da aka kawo duro na roba. Inna kuma tana can garin Durun tana jinyar ƙaninta. Naja'atu ta yi niyyar tambayar Umma, har ta je bakin madafa, sai ta ji tsoron a ce mata a'a, ta juyo.

Da ƙusa da ɗan dutse ta huda randar, ƙasa da wuyanta kaɗan, a hankali don kada ta tsage. Ta zura tiyo a hujin, yadda in ruwa ya kai nan zai gangara cikin bahon. Sannan ta naɗe randar da tsohon buhu. Ta ce wa kanta don ruwan ya yi sanyi ne.

Abin ya yi. 'Yan tarwaɗar da ta zuba suka fara ƙiba, alayyahu ya tsiro daga tsakuwa, kore shar, latas ma ya biyo baya. Umma ta leƙa daga bakin lungu ta ce ikon Allah, ta koma kan tukunyarta.

Ranar wata Juma'a yayarta Badi'a ta zo daga gidan mijinta a Kabo. Bayan an gaisa an tambayi yara da mai gida, Naja'atu ta ja ta zuwa lungun.

"Oho, wannan ce gonar da ake ta ba mu labari a waya?" in ji Badi'a. "Manomiyar siminti! To ina kifin? Ko su ma kunya gare su irin taki?"

Ta sunkuya ta ɗaga buhun don ta leƙa. Sai dariyar ta tsaya. Ta shafa zanen da ke wuyan randar, ta bi shi da yatsa har ta kai kan tiyon.

"Naja'atu. Randar Inna ce wannan?"

"Ai a kife take, Yaya. Ba a komai da ita."

"Innalillahi. Huda ta kika yi?"

Naja'atu ta gyaɗa kai. Badi'a ta zauna a kan bulo, ta rage murya.

"Mahaifiyar Inna ce ta gina ta da hannunta a Durun. Da ruwanta aka yi mata wankan gawa. Da Malam kakanmu ya rasu, da ruwanta aka yi masa. Ke kina ƙarama, an kai ki maƙwabta ranar. Inna da kanta ta wanke ta ta kife, ta ce kada a sake buɗewa sai ranar tata. A gabana ta faɗa wa Baba."

Ruwan yana ta tsiyaya cikin tsakuwa. Naja'atu ta saba jin daɗin ƙarar nan, yanzu kuwa ji ta yi kamar a cikinta yake zuba.

"Ban sani ba," in ji ta.

"Kin tambaya?"

Ba ta tambaya ba. Abin da ya fi damunta ke nan. Ta tuna tsayuwar da ta yi a bakin madafa, ta kuma tuna buhun.

"Jibi Inna za ta dawo," in ji Badi'a. "Ki saurara. Ki kwashe kifin nan a soya, ki toshe hujin da siminti, ki shafa jar ƙasa a kai. Ki kife ta ki juya wajen ga bango. Idon Inna ya yi rauni. Ba wanda zai gane sai ranar da…"

Ba ta ƙarasa ba.

Washegari Naja'atu ta kwaɓa siminti a gwangwani, ta kawo bokitin kwashe kifi. Ta daɗe a tsugunne. Abin da take gani shi ne ranar nan da Badi'a ta kasa faɗa: mata sun cika gida, an ɗaga randar an cika ta, simintin ya jiƙe ya faɗo, ruwa yana bin ƙafafun mutane, ana tambayar wa ya yi wannan, Inna kuma tana kwance a ɗaki ba ta da bakin cewa komai. Simintin ya daskare a gwangwani ba ta taɓa shi ba.

Ranar Lahadi Inna Dela ta iso da hantsi, da ƙullin daddawa da gajiyar hanya. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka yi mata sannu da zuwa, aka tambayi mai jiki da mutanen Durun. Ta sha ruwa, ta waiga.

"Ina 'yar takarda? Ko littafin ya cinye ta ne ba ku faɗa min ba?"

Naja'atu ta durƙusa ta gaishe ta. Sannan ta ce, "Inna, ki zo ki ga wani abu. Ba abin kirki ba ne."

Ta riga ta cire buhun. Inna ta tsaya a bakin lungu ta dafa bango. Ta dubi katakon da babu komai a kansa, sannan ta dubi randar. Ta matso a hankali, ta zare tiyon da hannunta, ta sa ɗan yatsa a hujin.

"Wa ya ba ki?"

"Ba kowa."

"Wa kika tambaya?"

"Ba kowa, Inna. Na ji tsoron za a hana ni."

"Da an hana ki kuwa, Naja'atu."

Inna ba ta taɓa kiran sunanta haka ba. Naja'atu ta so ta yi kuka, ta ga kukan ma wani roƙo ne, ta haɗiye. Inna ta daɗe tana shafa zanen wuyan randar.

"Nan babban yatsan mahaifiyata ne," in ji ta, ba da kowa take ba. "Ta ce min kada in bar yara su yi wasa kusa da ita."

Wata tarwaɗa ta taso ta buɗe baki a saman ruwa ta koma. Inna ta leƙa ciki.

"Ruwan a ina yake tsayawa?"

"Daidai hujin. Ba ya wuce nan."

Inna ta auna da tafin hannunta daga hujin zuwa gindin randar. Sannan ta dubi hannayenta, ta dubi ƙafafunta da suka rame.

"Malam ƙato ne, shi ya sa aka cika masa ita har baki," in ji ta. "Ni nawa nake? Wannan ya ishe ni."

"Inna, zan kwashe su yau. In wanke ta, in…"

"Ki kwashe su hujin ya toshe? Bar su. Kifi ba ƙazanta ba ne." Ta miƙa mata tiyon. "Amma ki ji. Ranar da aka ce na tafi, ba Badi'a ba, ba uwarki ba. Ke za ki kwashe kifin nan. Ke za ki wanke ta ki ɗebo ruwan, ki tsaya a wajen har a gama. Ba shiga ɗaki, ba littafi."

"To, Inna."

"Mayar da abin nan, ganyenki yana jin ƙishi."

Ta juya ta fita tana dafa bango. Naja'atu ta zura tiyon a hujin. Ruwan ya hau a hankali ya kai hujin, ya fara gangarawa.

Da la'asar Umma ta sa ta yanko alayyahun, aka yi miya da shi. Inna ta ci tuwonta, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Naja'atu ta zauna kusa da ita da kwanonta a cinya, tana kallon yadda hannun tsohuwar yake kai loma baki, nata tuwon kuma ya huce.