Sanarwa a Bakin Tafkin Buhi

Karo na uku ke nan Leonida tana karanta takardar sanarwar barin gida ta lasifika, amma ko mutum ɗaya bai ɗaure kaya ba. Motar ƙaramar hukuma na tafe a hankali a bakin tafkin Buhi. Ruwan ya yi baƙi ƙirin, ga rediyo ta ce guguwar za ta sauka kafin ƙarfe huɗu.

Da harshen Bikol irin na birnin Naga aka rubuto sanarwar, harshen coci da ofis. Su kuwa mutanen Buhi in sun ji shi, sai su saurara da ladabi kamar ana wa'azin Lahadi, su ci gaba da kwashe kifin da suka shanya.

"Yi musu da yarenku mana," in ji Efren direba. "Ke ba 'yar garin nan ba ce?"

"An ce kada a sauya ko kalma."

Ƙarya take yi, tsoro ne kawai. Shekara ashirin ta yi a Naga tana kankare yaren Buhi daga bakinta, tun ranar da 'yan ajinsu suka yi ta kwaikwayonta har ta yi kuka. Ko ubanta da harshen birni take gaishe shi a waya, shi kuma ya amsa da "uhm".

Gidan uban nata ne na ƙarshe, an kafa shi kan turaku cikin ruwa. Baba Dencio na zaune yana ɗinkin koma, ya ba titi baya. Ya riga ya rantse ba zai bar kejin da yake kiwon kifin karfasa a tafki ba, alhali a guguwar bara sai da ruwa ya taɓa rufin gidan. Leonida ta tsura masa ido daga cikin mota. Wallahi tsohon nan zai iya mutuwa a kan taurin kai.

Ta ninke takardar. Ta buɗe baki da yaren Buhi, irin faɗan da marigayiya uwarta ke yi.

"Ku tashi, ku masu kunnen ƙashi. Kifi kuke so ya ci ku? Makaranta a buɗe take, ku kwashi yara ku hau tudu."

Harshen ya yi tsatsa, rabi Buhi rabi Naga. Wasu tsofaffin mata suka kwashe da dariya, amma suna dariyar suna naɗe tabarmi.

Baba Dencio ya ajiye komar. Ya tako har gindin mota, ya dube ta sama da ƙasa.

"Wa ya koya miki wannan kwamacalar?"

"Baba, ruwa na zuwa."

"Tun safe nake ganinsa, ai ba makaho ba ne ni. Matsa."

Ya hau ya zauna kusa da ita, ko waiwayar kejin bai yi ba.

"Saura ƙauye nawa?" in ji tsohon.

"Huɗu," in ji Efren.

"To ja mu je. Ke kuma sake faɗi daga farko, ina gyara miki. Ba za ki kunyata ni a ƙauye huɗu ba."