An Cire Mata Kwalabe

Jama'ata, barkanku da war haka. Ku gyara zama, yau na zo muku da labarin gyaran da ya fi ɓarna ciwo.

Mai Jita na tsaye a shagon Injiniya, yana kallon amfilifayar marigayi babansa, wato akwatin ƙara sautin jita, kamar wanda aka canza wa jariri a asibiti. Tsohuwar akwati ce mai nauyin tsiya, ta girme shi nesa ba kusa ba. A bayanta akwai wasu ƙananan kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗau zafi, kuma su ne ke ba ta wata murya mai kauri da ɗan kakari. Saboda muryar nan wani mai situdiyo ya ce ya zo yau a ɗauki kiɗansa, karo na farko a rayuwarsa. Wayar wuta kaɗai ɓera ya ci, ita ya kawo a canza.

"Injiniya, ina ƙyallen gabanta?"

"Wannan yagaggen? Na sa maka sabo mai sheƙi. Kai dai kunna ka ji."

Ya jona jita, ya murɗa. Ko numfashi bai sauke ba ta kama. Nan ya gane da matsala, don tun yana yaro ya san sai an ba ta lokaci ta ɗumama. Ya taɓa tsirkiya. Sauti ya fito tas, siriri, kamar sanarwa a tashar mota.

Ya juya bayanta. Wayam. Sai wani ɗan koren allo da aka manna da dalma.

"Ina kwalaben?"

"Na raba ka da wahala," in ji Injiniya yana share hannu, fuska fal alfahari. "Zafi suke yi kamar murhu, ga shan wuta, ga gurnani. Wa ke amfani da su yanzu? Na zamani na sa maka."

"Waya na ce. Waya. Na ce maka ka taɓa cikinta?"

"Haba ƙanena, idan ka kai mara lafiya don ciwon yatsa, likita ya ga yana tari, sai ya ƙyale shi?"

"Ba tari ba ne, muryarta ke nan."

"To muryar ta warke."

Mai Jita ya dafe kai. Da ba don mutumin sa'an kawunsa ne ba, da ya faɗi abin da ke bakinsa. Ya haɗiye, ya ce a nuna masa inda aka jefa su. Injiniya ya nuna wani bokiti da haɓa. Haka Mai Jita ya tsuguna yana tonon matattun caja da ƙafafun fanka, har ya zaƙulo su. Uku lafiya lau. Ta huɗun ta tsage, cikinta ya yi fari fat.

"A ina ake samun irinta?"

"Sai dai ka tambayi kakanka." Ya ga idon Mai Jita ya kaɗa, sai ya sassauta. "Zan cigita maka. Amma yau kam, ko an samo, na riga na yanke mazauninsu."

Mai Jita ya naɗe ukun a hankici, ya cusa a aljihu, ya kinkimi akwatin zuwa motar haya. Abin haushi, har ta rage nauyi.

A situdiyo ya kaɗa waƙar da ya kwashe wata da watanni yana gogewa. Mai situdiyo ya zare abin kunne, ya leƙo ta gilashi.

"Abokina, wannan ba ita na ji rannan ba. Ina tsohuwar?"

"Ita ce. An yi mata gyara."

"Allah ya isar mata. To kar ka damu, akwai dabara."

Ya danna wani abu a kwamfuta, ya sake kunna abin da aka ɗauka. Sai ga kauri, ga kakari, har da ɗan gurnanin nan. Mai Jita ya matso ya duba. A fuskar kwamfutar hoton wata tsohuwar amfilifaya ne, kwalabe na ja a bayanta, an ma zana mata yagaggen ƙyalle don ta yi kama da ta gaske.

"Ka ji? Babu wanda zai gane," in ji mai situdiyo.

Aka ɗauka a haka. Aka ce ya yi kyau.

Da ya koma gida, Umma na zaune a falo tana ninke wanki. Kullum idan ya kunna akwatin takan bar abin da take yi, ta ce kamar babansu ne ke gyaran murya kafin ya yi magana.

"An gyara? Kunna mana mu ji."

Ya so ya ce ya gaji, amma ta riga ta ajiye zanin hannunta. Ya murɗa, ta kama nan take. Ya kaɗa kaɗan.

Umma ta saurara, ta dubi sabon ƙyallen, ta ɗauki zaninta ta ci gaba da ninki.

"Ka mayar wa mai ita," ta ce. "An ba ka ta wani. Ta babanku ba ta da gaggawar baki haka."

Ya shafa aljihunsa, kwalaben suka ɗan yi ƙara.

"To, Umma. Gobe zan je in karɓo tamu."

Ni dai na kawo muku yadda aka yi. Da kai ne, ko ke ce, za ku faɗa wa Umma gaskiya, ko cikin bokitan gari za ku shiga neman kwalba ta huɗu?