Yawon Gari da Mai Hoto

"Ɗaga haɓa mana, Tela! Kana tsaye kamar wanda aka kama da yadin mutane."

Tela ya ɗaga haɓa, ya jingina da ƙarfen gadar, motoci na wucewa fuu ta bayansa. Abokinsa Mai Hoto ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana lalube da kyamara kafin ya danna.

Da safen nan suka fito daga asibitin ido, wanda dominsa suka yi doguwar tafiya zuwa babban birnin. Likita bai ɓoye musu komai ba: jijiyar idon Mai Hoto ta lalace, ɗan ganin da ya rage ma tafiya yake yi. Tela ya so su wuce tasha kawai, Mai Hoto ya ce atafau sai sun zaga gari.

"Likita ido ya sani, bai san hoto ba," in ji shi. "Yau zan gwada kaina. In hotunan sun fito, shago na nan. In ba su fito ba, na rufe. Kai ne alƙali."

Mugun alƙali kuwa ya zaɓa. Tun suna samari shagunansu ke manne da juna, kuma ba a taɓa yi wa Tela hoton da ya gamshe shi ba. Kullum ko an ƙara masa hanci, ko an rage masa wuya.

Suka ga gidan tarihi, suka tsaya inda ruwa ke tsartuwa sama yara na ihu a ƙarƙashinsa. A wani babban kanti mai matakala mai tafiya da kanta, Tela ya cafke gwiwar hannun abokinsa, wai shi ne ke jin tsoro. Duk inda aka danna, sai a miƙo masa kyamara ya duba. A hoton gada ba shi da kai. Wani hoton kuma sararin sama ne kawai da gefen kunne. A na bakin ruwa kuwa wani baƙo ne mai farar riga irin tasa, ya fito tsaf a tsakiya, shi Tela ko inuwarsa babu. Nan zuciyarsa ta karye.

"Ya yi," yake cewa, ya mayar da kyamarar da sauri.

Da yunwa ta ci su suka hau wani gidan abinci a saman bene, bangonsa duk gilashi, birnin shimfiɗe a ƙasa. Aka kawo shinkafa da kifi. Tela ya jawo farantin abokinsa da sunan nasa ya fi yawa, ya zare ƙayoyin a ɓoye, sannan ya tura masa.

Mai Hoto ya ci loma biyu ya ce, "To, alƙali, a yanke hukunci."

"Duk sun yi kyau, mutumina. Babu na yarwa."

"Har hancin?"

"Har hancin."

Mai Hoto ya ajiye cokali a hankali. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji.

"Shi ke nan, na rufe."

"Haba, ai cewa na yi..."

"Na ji abin da ka ce. Lokacin da nake gani garau ba ka taɓa yaba mini ba, sai yau? Da ka ce na ƙara maka hanci, da gobe da sassafe na buɗe shago."

Tela ya ture farantinsa gefe. Ya ji haushin kansa, ya ji tausayin abokinsa har idonsa ya cika.

Mai Hoto ya cire igiyar kyamarar daga wuyansa ya turo ta kan tebur.

"Ɗauke ni. Na ɗauki gari guda, amma yarana ba su da hotona na kirki ko ɗaya. Ka sa birnin a bayana."

Ya gyara wuyan riga, ya miƙe kafaɗu kamar yadda yake sa masu zuwa shagonsa su yi, ya saki murmushi. Sai dai hasken taga ya ruɗe shi. Ba Tela yake kallo ba, wani ginshiƙi yake yi wa murmushin, can gefe.

"Na shirya. Yi sauri kafin kifin ya huce."

Tela ya buɗe baki zai ce ga ni nan, sai ya fasa. Ya tashi ba tare da kujerar ta yi ƙara ba, ya taka a hankali ya tsaya a gaban ginshiƙin. Ya goge idonsa da hannun riga, sannan ya danna.